Na gama digirin anatomi: mastas zan yi, PGD, ko satifiket na intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digirin farko a anatomi da sakamakon 2:2, na kuma gama hidimar ƙasa. Ina son ci gaba da karatu amma kaina ya ɗaure. Wasu sun ce in yi mastas a gida, wasu sun ce in nemi satifiket ta intanet daga jami'ar waje, wasu kuma sun ce in canja fanni. Me kowace takarda za ta tsinana mini, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a karatun. Idan koyarwa ko bincike kake so, hanyarka ita ce mastas mai bincike a sashen da ke da ɗakin feɗe gawa da lab ɗin histoloji (nazarin nama a ƙarƙashin madubin likita) da ke aiki da gaske. Satifiket na intanet ƙari ne a kan wannan, ba ya maye gurbinsa. Idan kuwa asibiti kake hange, duka biyun ba za su kai ka can ba, kuma gara ka san haka tun kafin ka sayi fom.

Dalili shi ne a Najeriya babu takardar anatomi, daga satifiket har digirin digirgir, da ke ba mutum lasisin aiki a kan majiyyaci. Likitoci MDCN ke yi musu rajista, masu gwaje-gwajen lab na asibiti MLSCN, masu ɗaukar hoton cikin jiki RRBN, masu gashin ƙashi MRTB, kuma kowace hukuma wanda ya karanta kwas ɗinta take karɓa. Mai anatomi ƙungiya gare shi, wato Anatomical Society of Nigeria, ƙungiya kuwa ba ta ba da lasisi. Shi ya sa za ka ga mutum ya ƙware wajen yanka nama da rina shi fiye da kowa a wurin, amma ba shi da hurumin sa hannu a sakamakon majiyyaci. Wanda zuciyarsa ke asibiti sai ya bi ta Direct Entry na JAMB ya koma aji biyu. A likitanci yawancin jami'o'i 2:1 ko sama suke nema, gurabe kaɗan ne saboda MDCN ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗalibanta, sannan akwai sauran shekara 5 a gaba. Da 2:2 ƙofar ta fi buɗuwa a aikin jinya, ɗaukar hoto, gashin ƙashi ko kimiyyar lab, a jami'o'in da ke karɓa.

Sunayen takardun nan sun yi kama da juna, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma ma'anarsu na canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Najeriya PGD, wato difloma ta gaba da digiri, gada ce ta shekara guda: an yi ta ne don mai mataki na uku, ko mai HND, ko wanda ya zo daga wani fanni kamar bayoloji yana son shiga anatomi. Kai mai 2:2 a anatomi ba lallai ka buƙace ta ba, sai dai ka duba makinka da kyau. A ma'aunin 5, matakin 2:2 ya kama daga 2.40 zuwa 3.49, kuma makarantun gaba da digiri da yawa 3.00 suke sa wa a matsayin mafi ƙarancin maki na mastas mai bincike. Mai 3.20 zai shiga kai tsaye, mai 2.60 ana iya cewa ya fara da PGD, alhali dukansu 2:2 ke rubuce a takardarsu.

A Birtaniya lissafin kiredit ake yi. Satifiket na gaba da digiri kiredit 60 ne, difloma 120, mastas 180, kuma 60 ɗin ƙarshe na kundin bincike ne. Matakai ne na tsani guda, mutum na iya tsayawa a na farko ya dawo daga baya ya ɗora, idan jami'ar ta tsara shi haka. A Amurka satifiket na gaba da digiri yawanci kiredit 12 zuwa 18 ne, wato kwasa-kwasai huɗu zuwa shida, mastas kuma daga 30 yake farawa. Masu yin sa a can galibi iri biyu ne: masu son gyara makinsu kafin su nemi makarantar likitanci, da malaman da ke son cike kiredit 18 ɗin da kwalejoji da yawa ke nema kafin mutum ya koyar da wani fanni. An ɗinka shi ne don kasuwar can. Jami'ar Florida na da irin wannan satifiket ta intanet, Jami'ar Edinburgh ma na koyar da kimiyyar anatomi ta intanet a matakin satifiket da difloma. Karatu ne mai kyau, amma jami'ar Najeriya ba za ta ɗauke ka a matsayin mai mastas da shi ba, kuma kuɗinsa da dala ko fam ake biya.

Sai nau'i na uku, takardar kammala kwas ta Coursera da makamantanta. Jami'ar Michigan na da jerin kwasa-kwasan anatomi guda huɗu a can, Jami'ar Duke na da kwas mai zurfi a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ka yi su don ilimin, musamman na Duke idan ƙwaƙwalwa ce ke ba ka sha'awa. Amma ba su da kiredit, kada ka kashe musu kuɗi da tunanin wani kwamitin ɗaukar aiki zai ƙirga su a matsayin digiri.

Mastas a gida ana yin sa a ABU Zariya, Bayero Kano, Maiduguri, Ilori, Ibadan, Legas da wasu da dama. A takarda wata 18 zuwa 24 ne. A zahiri yakan zarce, wani lokaci saboda yajin aiki irin na 2020 da na 2022 da kowanne ya cinye sama da rabin shekara, mafi yawan lokuta kuma saboda malami guda na duba ɗalibai fiye da ƙima. Shekarar farko ta aji ce: anatomin gaɓoɓi, histoloji, ilimin halittar ɗan tayi, anatomin ƙwaƙwalwa, ilimin gado da ƙwayoyin halitta, awon jikin ɗan Adam, ƙididdiga da dabarun bincike. Kada ka yi wasa da wannan shekara da sunan ai ka yi su a digirin farko. Yawancin jami'o'i matsakaicin maki 60 cikin 100, ko 3.50 a ma'aunin 5, suke nema kafin su bar mutum ya wuce PhD, kuma mastas ɗin da bai kai haka ba ya rufe maka ƙofar da ka shiga dominta. A tsanin aikin jami'a mai mastas Assistant Lecturer yake farawa, mai PhD kuma Lecturer II, sannan da wuya mutum ya kai Senior Lecturer ba tare da PhD ba. Kwalejojin jinya da na kiwon lafiya ma suna ɗaukar masu anatomi su koyar, a nan kuma difloma ta koyarwa, PGDE, tana ƙara wa mutum daraja.

Inda mastas ke yin daraja ko ya zama takarda kawai shi ne binciken. Mafi yawan ɗalibanmu hanya guda suke bi: a samo ganye ko saiwa, a tatsi ruwansa, a ɗura wa ɓerayen Wistar, a duba hanta ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa. Ba laifi ba ne, ana koyon abubuwa da yawa a ciki, amma an yi shi har ya gundure, kuma da yawa ba a yin sa yadda ya kamata. Idan shi za ka yi, ka kai tsiron wurin masana tsirrai su tantance shi su ba ka lambar ajiya, ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar amfani da dabbobi kafin ka sayi ɓera ko ɗaya, ka bar ɓerayen mako biyu su saba da wurin, ka riƙa auna nauyinsu duk mako domin a kan kowane kilo ake lissafin maganin. Gwajin guba da aka fi yi a nan shi ne na Lorke, wanda zagayensa na farko ke amfani da ɓeraye tara, uku-uku, a kan miligiram 10, 100 da 1000 a kowane kilo, sannan sakamakon ya nuna abin da za a ba su a zagaye na biyu. Ka kuma yi lissafin yanayi: zafin Maris zuwa Mayu a ɗakin da ba iska yana kashe ɓeraye, wanda ya rayu ma zafin na iya taɓa maniyyinsa, sai ka ɗora wa ganyen laifin da ba nasa ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗalibi ya miƙa wa ma'aikacin lab naman cikin kwalba, ya biya, ya dawo bayan mako biyu ya karɓi silaid. Ya sami hotuna, amma bai koyi sana'ar ba, kuma ita ce abin da za a tambaye shi a duk lab ɗin da ya nema daga baya. Ka zauna tare da ma'aikacin ka yi da hannunka. Naman ya shiga fomalin, ruwan da ke hana shi ruɓewa, cikin 'yan mintuna bayan an cire shi, in ba haka ba ya fara narkar da kansa. Ƙwaƙwalwa ta fi kowa saurin lalacewa, shi ya sa ake tura ruwan gishiri sannan fomalin ta zuciyar ɓeran yana cikin barcin allura, kafin a buɗe kai. Kaurin gutsuren naman kada ya wuce milimita 4, fomalin ya ninka naman sau 10 zuwa 20, a bar shi awa 24 zuwa 48. Fomalin na kasuwa kashi 37 zuwa 40 cikin 100 ne, abin da ake kira kashi 10 kuwa shi ne awo ɗaya nasa da awo tara na ruwa, kuma a sa masa gishirin da ke hana shi tsami. Idan ya yi tsami za ka ga ɗigo-ɗigo masu duhu a nama mai jini kamar saifa da hanta, ɗalibi ya ɗauka cuta ya gano. Gwaiwa ta fi kyau a ruwan Bouin, amma kada ta wuce kwana guda a ciki, a mayar da ita cikin alkohol mai kashi 70.

Daga nan sai janye ruwa da alkohol, daga kashi 70 zuwa 90 zuwa 95, sannan tsantsarsa sau biyu ko uku. Da damina tsantsar alkohol na zuƙar laima idan an bar kwalbar a buɗe. Alamar akwai sauran ruwa ita ce zailin, sinadarin da ake sa naman a ciki bayan alkohol, ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara. Kakin farafin da ake daskarar da naman a ciki kafin yanka ba zai ratsa ba, tsakiyar naman ya zauna da laushi, in an zo yankawa ya ruguje. Kakin na narkewa a digiri 56 zuwa 58, tandar kada ta haura 60 sosai, domin zafi ya yi yawa naman ya bushe ya riƙa karyewa. Ɗauke wuta a tsakiyar wannan mataki na daskarar da kakin kafin ya gama shiga, don haka ka shirya janareta ko ka zaɓi ranar. Ana yanka a kaurin maikiron 4 zuwa 5, a sanyaya bulon a kan ƙanƙara idan ana zafi, a shimfiɗa yankan a ruwa mai ɗumin digiri 45 ko kusa da haka. Layi-layi a jikin yanka daga wuƙa mai tsaguwa yake. Bayan an rina, kada ka tsaya a hoto guda daga kowane rukuni ka ce hanta ta warke. Ka ɗauki filaye da yawa, ka ƙirga ko ka auna da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, kuma wanda zai karanta silaid ɗin kada ya san daga wane rukuni kowanne ya fito. Mai jarrabawa daga waje da ya san aikinsa nan zai fara kama ka.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suka fi sauƙin kuɗi kuma ba su dogara da wuta ba. Ɗaya ita ce awon jikin mutane: tsawo, tsawon ƙasusuwa, fasalin fuska, zanen yatsu, don gano jinsi ko tsawon mutum daga wani sashe na jikinsa. Tana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'a, yardar kowane mutum, da maimaita awo don a san girman kuskurenka. Ɗayar ita ce nazarin hotunan CT da MRI da ke ajiye a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, inda ake auna gaɓoɓi da bambance-bambancen halitta a jikin mutanenmu. Wannan sai da izinin asibitin da likitan hoto a cikin masu duba aikinka. A ganina ita ce mafi amfani ga likitocin tiyata, kuma ba a cika cunkoso a kanta ba.

Karatun waje kuma, a Birtaniya mastas shekara guda ce. Edinburgh na da ta anatomin ɗan Adam wadda ɗalibi ke feɗe gawa da hannunsa. Dundee ta yi suna da adana gawa ta hanyar Thiel, wadda ke barin jiki da laushi da launinsa, gaɓoɓi na lanƙwasuwa, har likitocin tiyata na koyon aiki a kai. A can kuma akwai mastas ta gano mutum daga ƙasusuwansa. Makarantar likitanci ta Hull York ta haɗa anatomi da dabarun koyarwa. Glasgow na da wadda ta haɗa anatomi da zanen jiki a kwamfuta. A Kanada akwai jami'o'in Western da Queen's, a Amurka akwai ta Jami'ar Colorado mai shekara biyu. A nahiyarmu, Jami'ar Wits da ke Johannesburg na riƙe da tarin ƙasusuwa na Raymond Dart, ɗaya daga cikin manya a duniya, ita da Pretoria wuri ne mai kyau ga mai son binciken ƙashi; sai dai takardunka za su fara bi ta hukumar SAQA a tantance su. A Ghana sunan digirin MPhil. A Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci tsarin daban ne, galibi likitoci ne, musamman na tiyata, ke zama malaman anatomi, don haka wanda ba likita ba ya bincika matsayinsa kafin ya tsallaka.

Ba dole ba ne kalmar anatomi ta fito a sunan mastas ɗinka. Ilimin ƙwaƙwalwa ya fi anatomi zalla samun tallafin bincike, kuma ƙungiyoyi irin su IBRO da TReND in Africa na shirya horo na gajeren lokaci ga matasan Afirka. Dokta Mahmoud Bukar Maina anatomi ya karanta a Maiduguri kafin ya yi digirin digirgir a Sussex, shi ne kuma ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, inda ake horar da matasa a kan na'urorin bincike na zamani. Mako biyu na irin wannan horo da hannu ya fi satifiket uku na intanet nauyi a takardar neman gurbi. Akwai kuma ilimin ɗan tayi na asibiti, wato aikin lab a cibiyoyin dashen ciki, wanda Oxford da Leeds da Dundee ke koyarwa a matakin mastas. Shi ne mafi kusa da asibiti da mai anatomi zai iya kaiwa ba tare da ya koma digirin farko ba.

Wasu kan yi shakkar feɗe gawa ta fuskar addini. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tattauna batun a 1987, ta halatta shi don koyon likitanci da binciken musabbabin mutuwa, bisa sharuɗɗa, daga ciki har da tsayawa a iyakar buƙata da binne abin da aka feɗe. A Najeriya dokar anatomi ta 1933 ce ke tsara amfani da gawa, kuma mafi yawan gawarwakin da ke makarantu waɗanda ba a samu danginsu ba ne. Wannan ƙarin dalili ne na girmama su: ba a ɗaukar hoto, ba a wasa a ɗakin. Ka kula da lafiyarka ma. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa fomaldihaid, sinadarin da ke cikin fomalin, a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa. Takunkumin tiyata na yau da kullum ba ya tace tururinsa, iska mai ratsa ɗaki da safar hannu mai kyau ne ke rage shi, kuma mai asma ko mai juna biyu ta sanar da sashen tun farko.

Saboda batun kuɗi, shawarata ita ce ka fara da gida. Tallafin TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, sai an ɗauke ka aiki tukuna. Tallafin Chevening na Birtaniya na neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu. Tallafin Commonwealth 2:1 yake nema, amma yana karɓar 2:2 idan mutum na da mastas a kai. Ke nan mastas ɗin gida mai maki mai kyau, da takarda ko guda da aka buga a mujalla ta kirki, shi ne ke wanke 2:2 ɗinka. A Amurka kuma mastas da wuya a biya maka, amma PhD a kimiyyar lafiya galibi ana ɗauke kuɗin makaranta a kuma ba da alawus.

Kafin ka biya kuɗin fom a ko'ina, ka je sashen da ƙafarka. Ka nemi a nuna maka injin yanka nama da tandar kaki, ka ga ko suna aiki. Ka tambaya ko ɗaliban mastas na shiga ɗakin gawa su feɗe su kuma taya koyar da 'yan aji biyu, domin a nan ake zama malamin anatomi. Ka sami ɗaliban da ke shekarar ƙarshe, a bayan idon malamai, ka tambaye su shekarar da suka shiga, da tsawon lokacin da malamin da kake so ke ɗauka kafin ya dawo da babi. Sannan tun yanzu ka nemi jami'arka ta fara shirya cikakken sakamakonka na shekaru huɗu, domin makarantar gaba da digiri da hukumar WES mai tantance takardu don Amurka da Kanada duk kai tsaye daga jami'a suke karɓarsa, ba daga hannunka ba, kuma fitarsa kan ɗauki watanni.